Dariba da masu ɗaukar hoton biki a Saudiyya: riyal 375,000 ɗin nan ciniki ake nufi ba riba ba

Kwanaki bayan sallar isha'i ɗan 'yar uwata ya same ni a gida nan Jidda, ko shayin da aka kawo masa bai taɓa ba ya miƙo min wayarsa yace kawu duba min wannan dan Allah. Wani kamfani ne da yake ɗaukar musu hoton kayan da suke sayarwa suka turo masa saƙo, wai daga wata mai kamawa bazasu ƙara karɓar takardar da yake rubuto musu ba, sai dai fatura, wato rasit, mai lambar dariba, harajin nan na VAT. Yaron nan shekara huɗu yana sana'ar hoto shi da ƙanwarsa, in an samu biki shi ya riƙe ɓangaren maza ita ta shiga ɓangaren mata da kyamararta, tunda kowa ya sani a ƙasar nan namiji baya leƙa zauren mata, kuma Allah ya sa musu albarka, daga bikin 'yan uwa a istiraha, ƙananan gidajen hutun nan da ake haya, har sun kai ana kiransu manyan zaurukan biki.

Na tambaye shi nawa ya shigo hannunku a wata goma sha biyun da suka wuce. Yace kawu ai abinda ya rage mana bai kai dubu ɗari da hamsin ba. Nace ɗana ba abinda ya rage na tambaye ka ba, abinda ya shigo. Muka buɗe asusun banki muka bi shi wata wata, muka haɗa da na hannu da yake rubutawa a wani ɗan littafi, sai gashi sun haura riyal 410,000. Yaron ya yi shiru, dan shi duk a zatonsa dariba ta masu manyan shaguna ce a titin Tahliya.

Ni aikina lissafi ne, na daɗe ina riƙe wa ƙananan shaguna littattafansu, kuma kuskuren nan na sha ganinsa a wajen masu hoto fiye da kowa. Dalilin kuwa mai hoto baya jin kansa ɗan kasuwa, yana jin kansa mai sana'ar hannu ne, ba shi da kanti ba shi da sito, kyamara ce da jaka da kwamfuta a ɗaki. Amma hukuma bata duba jakarka, kuɗin da mutane suka biya ka take dubawa.

Daribar da ake magana ita ce wadda Larabawa ke ce wa daribatul ƙimatil mudafa, wadda 'yan Najeriya suka sani da VAT. An fara ta a Saudiyya ranar 1 ga Janairun 2018 a kan kashi 5 cikin ɗari, sai lokacin korona da farashin mai ya faɗi aka ninka ta uku ta koma kashi 15 daga 1 ga Yulin 2020, kuma har yau a nan take. Wanda ya zo daga Najeriya inda take kashi 7.5 zai ga tayi yawa, wanda ya zo daga Nijar inda take 19 ko Sudan inda take 17 zai ga da sauƙi. Hukumar da ke karɓarta ita ce ZATCA, wadda aka samar a 2021 da aka haɗe hukumar zakka da haraji da ta kwastan wuri ɗaya. Kuma ba kaya kawai take hawa ba, har aiki. Ɗaukar hoto aiki ne, gyara shi a kwamfuta aiki ne, albam kaya ne, firem kaya ne, bidiyon da ka tura wa amarya ta WhatsApp ba tare da ka bata komai a hannu ba shima aiki ne, duka kashi 15.

To amma ba kowa ke karɓarta ba, a nan ne maganar iyaka ta shigo. Wanda cinikinsa ya wuce riyal 375,000 a shekara dole ne yayi rajista. Wanda yake tsakanin 187,500 da 375,000 zaɓinsa ne, in ya ga dama yayi in bai ga dama ba ya bari, kuma ko da cinikin bai kai 187,500 ba amma abinda yake kashewa a sana'ar ya kai haka, shima an bashi damar shiga da kansa. Wanda yake ƙasa da wannan babu ruwansa, kuma bai halatta ya ƙara wa kowa ko sisin kwabo da sunan dariba ba. Wannan na ƙarshen ina so a riƙe shi da kyau, dan akwai masu rubuta kashi 15 a ƙasan takarda alhali basu da lamba, wasu da gangan wasu kuma sun ɗauka haka ake yi a nuna an waye. Wanda ba shi da rajista ya fitar da faturar dariba, tararsa tana iya kai riyal 100,000, ban da cewa cin kuɗin mutane ne ba da haƙƙi ba.

Shekarar da ake nufi kuma ba daga Muharram zuwa Zulhajji bane, ba kuma daga Janairu zuwa Disamba ba. Ƙarshen kowane wata zaka waiwaya ka haɗa wata goma sha biyun da ke bayanka, sannan ka hanga gaba ka ga ko wata goma sha biyu masu zuwa zasu kai. Watan da ka haura, kana da kwana 30 daga ƙarshen watan ka nemi rajista. Dubu 375 tana da girma a baki, amma raba ta goma sha biyu, riyal 31,250 ce a wata. Wanda yake karɓar dubu takwas a biki ɗaya, hoto da bidiyo da albam, biki 47 kawai yake buƙata a shekara, wato bai ma kai biki ɗaya a mako ba. Duk wanda ya san yadda Shawwal da hutun bazara suke cika da aure a Makka da Jidda da Madina ya san mai hoton da hannunsa ya faɗa zai iya yin biki uku daga Alhamis zuwa Asabar.

Inda ake faɗawa rami shine nan. A cikin dubu takwas ɗin nan mai hoto ya san dubu biyu na mai bidiyon da ya ɗauko ne, dubu ɗaya ta wajen buga albam ce, ɗari biyar ta yarinyar da ke riƙe wa ƙanwarsa fitila ce, ga man mota ga hayar kayan haske, sai ya ce ai ni dubu uku da ɗari biyar na samu. A zuciyarsa gaskiya ya faɗa. Amma tunda da shi uban amarya yayi ciniki, shi ya karɓi kuɗin, sunansa ne a kan aikin, to cinikinsa dubu takwas ne cif. Mai shagon shinkafa ya san wannan tun ranar da ya buɗe, dan shi yana ganin buhu ya shiga ya fita, mai hoto ne kawai yake lissafin abinda ya tsaya a aljihunsa. Shi ya sa zaka ga mutum ya haura iyaka da wata takwas ko shekara bai sani ba.

Kuma rashin sanin yana da tsada. Tarar ƙin yin rajista a kan lokaci riyal 10,000 ce, wannan ma da sauƙi. Mai zafin shine hukuma zata iya mayar da rajistarka zuwa ranar da ya kamata ace ka yi ta, ta nemi daribar duk aikin da kayi daga ranar. Ace ka yi cinikin dubu 200 a tsakanin, wajen riyal 26,000 kenan da baka karɓa daga hannun kowa ba, ango ya tare amarya har ta haihu, wa zaka koma wa kace ya ciko maka? Daga aljihunka zata fita. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Abinda ya ɗan sassauta wa mutane shine shirin yafe tara da ZATCA ta buɗe a watan Yunin 2022 ta kuma riƙa tsawaita shi, amma shi tara yake ɗaukewa, asalin daribar sai an biya, kuma abu ne mai wa'adi ba doka ce ta dindindin ba.

Yanzu ace ka yi rajista an baka lambarka mai alƙaluma 15, wadda take farawa da 3 ta ƙare da 3. Me ya canza? Abu na farko da nake faɗa wa kowa shine daga yau ka zama mai karɓa wa hukuma kuɗi. Kashi 15 ɗin nan ba daga ribarka ake cira ba, mai biki ne yake biya, kai hannunka kawai take bi ta wuce, amana ce aka ajiye maka na wata uku. In ka fahimci wannan sauran duk lissafi ne mai sauƙi, in baka fahimta ba zaka ga asusu ya cika ka sayi sabon lens, ranar biya ta zo kana neman rance.

Ga yadda lissafin yake. Aikin dubu takwas zai koma 9,200, naka 8,000 na hukuma 1,200. Ka kai albam wajen bugawa suka baka fatura ta 1,150, a ciki akwai dariba 150 da kai ka biya. Ita wannan ɗari da hamsin zaka cire daga dubu da ɗari biyun, ka miƙa 1,050. Mai bidiyon da ka ba dubu biyu in ba shi da rajista bai karɓi dariba a hannunka ba, saboda haka babu abinda zaka cire ta wajensa. Haka tsarin yake tafiya, kowa yana biya ne a kan abinda ya ƙara, nauyin gaba ɗaya yana sauka a kan na ƙarshe, wato uban amarya ko ango.

Sai wata matsala ta baki. Mu Hausawa ciniki da baki muke yi, Hajiya ta kira tace ɗana nawa zaka yi min, kace dubu biyar, tace haba ai ni uwarka ce, a sauka a dubu huɗu da ɗari shida a ce Allah ya sa albarka. Babu wanda ya ambaci dariba. To a ƙa'ida farashin da ka faɗa wa mai saye na ƙarshe da daribarsa a ciki, bazaka zo ranar miƙa albam kace Hajiya akwai ƙarin kashi 15 ba, faɗa ne zai tashi kuma ita ce da gaskiya. Kenan a cikin 4,600 ɗin nan naka 4,000 ne, 600 ba taka bace. Wasu suna kuskuren cire kashi 15 daga 4,600 kai tsaye su samu 690, ba haka bane, raba kuɗin zaka yi da 115 ka ninka da 15. Saboda haka tun kafin a fara tayi ka san lambar da in ka sauka ƙasa da ita kai ne kake biya wa Hajiya dariba.

Sannan arbun, wato kafin alƙalami. Wannan ita ce ta fi kama masu hoto dan babu mai hoton biki da baya karɓar kafin alƙalami, wani lokacin wata huɗu ko biyar kafin ranar. Dariba tana hawa ne a ranar da ɗaya daga cikin abu uku ya fara faruwa: ka gama aikin, ko ka fitar da fatura, ko an baka kuɗi, gwargwadon abinda aka baka. Wato in Hajiya ta turo maka arbun ta 2,300 a watan Maris bikin kuma sai Yuli, riyal 300 na ciki ta shiga lissafin watanni ukun farko na shekara, ba sai ka jira an kai amarya ba. In kuma Allah ya ƙaddara aka fasa auren ka mayar mata da kuɗinta, ba goge faturar zaka yi ba, wata takarda zaka fitar ta ragi wadda take nuni ga faturar farko, da ita zaka dawo da ɗari ukun. Ɗaya gefen kuma, kamfanin da ka yi wa aiki ka bashi fatura ya riƙe maka kuɗi wata uku, kai dariba ta riga ta hau kanka ko bai biya ba. Masu fama da irin wannan su sani cewa wanda cinikinsa bai wuce miliyan 5 a shekara ba zai iya neman izinin yin lissafi a kan kuɗin da ya shigo hannu kawai, kuma ni a ganina duk mai hoton da yake yawan aiki da kamfanoni ya kamata ya tambayi mai riƙe masa lissafi wannan.

Ita kanta faturar ta daina zama littafin rasit mai kabon da ake saya a shagon littattafai. Tun 4 ga Disambar 2021 duk mai rajista dole ya fitar da ita ta na'ura, da manhajar da aka yi dan haka, ba rubutun hannu ba ba kuma Word ko Excel ba. Ta mutum ɗaya kamar ango ana kiranta fatura mubassaɗa, tana ɗauke da barkod ɗin nan mai kusurwa huɗu wanda in an haska shi da waya zai nuna sunanka da lambarka da lokaci da jimlar kuɗi da daribar ciki. Ta kamfani kuma sai an sa sunansu da tasu lambar. Da Larabci ake rubutawa, in ka so ka ƙara wani harshe a gefe. Daga 1 ga Janairun 2023 aka shiga mataki na biyu inda ake haɗa manhajarka kai tsaye da na'urar hukuma, an fara da manyan kamfanonin da cinikinsu ya wuce biliyan 3, ana saukowa rukuni rukuni har aka iso kan ƙanana, kuma suna sanar da kowane rukuni aƙalla wata shida kafin lokacinsa. Dan haka wanda zai biya kuɗin manhaja yau ya tabbata mai iya wannan haɗin ce, kar ya sayi mai arha ya sake saye.

Bayanin dariba, wanda ake ce wa iƙrar, ƙananan 'yan kasuwa duk wata uku suke bayarwa, sai wanda ya wuce miliyan 40 ne yake yi duk wata. Na Janairu zuwa Maris ƙarshensa 30 ga Afrilu, sai 31 ga Yuli, sai 31 ga Oktoba, sai 31 ga Janairu, a ranar ne kuma kuɗin zai kasance ya shiga ta Sadad, tsarin biyan kuɗi ta banki. Jinkirin bayani tararsa daga kashi 5 zuwa 25 na daribar, jinkirin biya kashi 5 duk wata ko da kwana ɗaya ka shiga a watan. Kuma ko Ramadan ya cinye maka lokacin baka ɗauki hoto ko ɗaya ba sai ka shiga ka rubuta sifili. Abinda yake wahalar da masu hoto a nan shine kasuwarsu tana bin watan Musulunci da hutun makarantu, dariba kuma tana bin miladiyya, sai ka ga kuɗin da aka tara lokacin cunkoso ranar biyansa ta faɗo a lokacin da waya ta yi shiru. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni shawarar da nake bayarwa ita ce asusu na biyu, duk kuɗin da ya shigo a take ka tura rabon hukuma can ka manta da shi.

Amma ba duka nauyi bane, akwai inda rajista take yi maka rana, kuma mai hoto yana cikin waɗanda suka fi morewa dan kayansa tsada gare su. Kyamarar 11,500 a cikinta akwai 1,500 da zata dawo maka. Lens, fitilu, kwamfuta, faifan ajiya, hayar sutudiyo tunda hayar wurin kasuwanci tana da dariba saɓanin hayar gidan zama, duk ana cirewa. Sharaɗin shine fatura ta gaskiya da sunan sana'arka. Kyamarar da ka saya hannu da hannu a Haraj, kasuwar kayan gwanjo, wajen wani bawan Allah babu abinda zaka cire, dan babu daribar da aka karɓa. Wadda ka yi odarta daga waje aka karɓi kashi 15 a kwastan tana ciruwa in takardar kwastan ɗin da sunanka ta fito. Motar da kake kai yara makaranta da ita da safe ka tafi biki da ita da dare bata shiga, haka abincin da ka saya wa yaranka bayan an tashi. Manhajojin gyaran hoto irin Photoshop da Lightroom da ake biya wa kamfanin waje, in basu sa maka dariba ba kai zaka rubuta ta a kanka a cikin iƙrar ka kuma cire ta a wuri ɗaya, babu abinda zai fita daga aljihunka amma dole ta bayyana. Takardun nan duka a ajiye su aƙalla shekara 6.

To wanda yake tsakiya, bai kai 375,000 ba amma ya wuce 187,500, ya shiga ko ya jira? Amsar tana ga su waye suke biyanka. In yawancin aikinka na kamfanoni ne, otal-otal, gidajen abinci, masu sayar da turare da abaya a intanet waɗanda suke da rajista, shiga ta fi, dan su kashi 15 ɗin bata dame su ba zasu cire ta, kai kuma ka samu damar dawo da ta kayanka, ga shi wasunsu ma basa son mu'amala da wanda ba shi da lamba. In kuwa aikinka biki ne da suna da walimar saukar Alƙur'ani, to ranar da ka yi rajista ka fi maƙwabcinka tsada da kashi 15 ko kuma ka haɗiye ta a ribarka, tunda uban amarya ba shi da inda zai cire. Gaskiya wannan wurin yana da ciwo, wanda ya yi cinikin dubu 370 zai iya komawa gida da kuɗi fiye da wanda ya yi dubu 400, kuma ban ga laifin wanda ya ji zafin hakan ba. Sai dai dabarar da wasu ke yi ta raba sana'a ɗaya gida biyu, rabi da sunan miji rabi da sunan mata ko ƙanwa alhali kyamara ɗaya ce shafin Instagram ɗaya ne, ba mafita bace, doka ta ba hukuma ikon haɗa cinikin makusanta masu sana'a iri ɗaya ta ɗauke shi abu guda. Shi kuma ɓoye ciniki da gangan wani babi ne daban, tararsa tana farawa daga adadin daribar har zuwa ninki uku na darajar aikin. A zamanin da kusan kowa da katin banki na mada ko tiransifa yake biya, sawun kuɗi baya ɓacewa.

Akwai masu aiki da alhazai da 'yan umara, su bi ayari zuwa Ƙuba da Uhudu da Jabalur Rahma suna ɗauka, kamfanin jirgin yawo ya biya su daga Kano ko Yamai. Na ji wani yana cewa ai wannan kuɗin waje ne babu dariba a kansa. Eh akwai aikin da ake yi wa na waje a kan kashi sifili, misali wani yana zaune a Kaduna ya turo maka hotunan da ya ɗauka can ka gyara masa ka mayar, da hujjar cewa ba mazaunin ƙasashen Khalij bane, wato Saudiyya da maƙwabtanta na yankin Gulf. Amma alhajin da ke tsaye gabanka a Madina kana ɗaukarsa, a cikin ƙasa ya amfana da aikin, inda kuɗin ya fito bai canza wannan ba.

Wani kuma yace min ni ai ina fitar da zakka. Zakka daban dariba daban ko da yake ƙofa ɗaya ake kai su. Zakkar da hukuma ke karɓa kashi biyu da rabi ce a kan dukiyar kasuwancin ɗan ƙasa ko ɗan Khalij, baƙon da ya zuba jari da lasisi kuma harajin riba yake biya kashi 20, duka biyun daga dukiyarka suke fita. Ita dariba tun asali ba dukiyarka bace.

Duk abinda na faɗa a sama yana kan wanda sana'ar take da sunansa a hukumance, kuma a nan ne al'ummarmu ta rabu biyu. Akwai Hausawan da kakanninsu suka zo tun zamanin tafiyar ƙasa ta Sudan da Sawakin suka zama 'yan ƙasa, irin su ɗan 'yar uwata, waɗannan suna da hanyar sijil tijari, wato rajistar kasuwanci, daga ma'aikatar kasuwanci ko takardar aikin kai da ma'aikatar ƙwadago ke bayarwa. Akwai kuma 'yan uwanmu da yawa, wasu ma a unguwannin Misfala ko Shari' Mansur na Makka aka haife su, da har yau a kan iƙama suke, wato takardar izinin zama ta baƙi. Wanda yake aiki a sutudiyon wani yana karɓar albashi babu ruwansa da dariba, mai sutudiyon ne zai ji da ita. Amma wanda yake fita da kyamararsa daren Juma'a ya yi na kansa, ko wanda ya buɗe sutudiyo da kuɗinsa aka rubuta da sunan ɗan ƙasa yana bashi wani abu duk wata, matsalarsa ta girmi dariba, wannan shine tasattur, kuma dokar da aka sabunta a 2020 ta kai hukuncinsa ɗaurin shekara 5 da tarar miliyan 5. Na san ba daɗi ne ya kai mutane nan ba, iyali ne da haya da kuɗin sabunta iƙamar yara, musamman bayan rusau ɗin unguwannin Sabil da Karantina da Gulail a nan Jidda da ya watsa mutane zuwa unguwannin da hayarsu ta fi ƙarfinsu. Amma dole in faɗa, faturar na'ura ta sa irin wannan zaman ya ƙara haɗari, domin yanzu kowane riyal yana da suna da lokaci. Shi ma ɗan ƙasar da ya ba da sunansa ya sani cewa in daribar ta taru, tara ta hau, ƙofarsa za a ƙwanƙwasa, dan lambar tasa ce ko da bai taɓa riƙe kyamara ba.

Shi dai ɗan 'yar uwata a daren muka gano watan da ya haura, bai yi nisa sosai ba, wata biyu da 'yan kwanaki. Washegari ya shiga shafin hukuma ya nemi rajista, ya tattaro faturar kyamarar da ya saya bara da ta kwamfutar ƙanwarsa tunda kayan da ka saya kafin rajista suna hannunka kana aiki da su ana iya neman daribarsu, ya buɗe asusu na biyu. Abinda ya fi bashi wuya shine bukukuwa biyar da ya riga ya karɓi arbun ya yanke farashi tun kafin wannan magana, ya ce kawu in kira su in ƙara? Nace a'a ɗana, magana ta riga ta fita, waɗannan biyar ɗin ka cire rabon hukuma daga cikin abinda kuka yi, na shida ka fara faɗin sabon farashi. Ƙanwarsa ce ta sake rubuta takardar farashin da suke tura wa mutane, a ƙasan kowace lamba ta ƙara kalma biyu da Larabci, shamil dariba, wato har da dariba a ciki, iƙrar ɗinsu na farko kuma 31 ga Oktoba.